Ruwan Shuka a Jidda

Abin nan ya faru ba a daɗe da cire Kudan daga ƙarƙashin Makarfi ba. Soja ke mulki. Wayar hannu ba ta zo ba, in kina da saƙo sai ki ɗora shi a bakin matafiyi, ko ki yi kaset ki ba shi. Shekara shida ke nan da rasuwar mijina, shekarata huɗu a Jidda. Autana Sani, wanda yau furfura ta fito masa a gemu, lokacin ko zance bai fara zuwa ba.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko a nan Kurmin Kogi. Tun kafin ya sauka na ji shi a gwiwata. Da ya taɓa ƙasa ƙamshin nan ya tashi, maza suka fito da sungumi, mata suna ta auna iri a kwano, kowa bakinsa har kunne. Ni kuwa na shiga ɗaki na turo ƙofa. Haka nake yi kowace shekara, mutanen gidan sun ɗauka sanyi nake gudu.

Hadiza matar Sani, malamar firamare ce, ta biyo ni da kunu. Don ta ɗebe mini kewa ta shiga ba ni labarin wani littafi da take karantawa, na wasu matan ƙasar nan da suka ƙulla ƙawance a ƙasar Turawa, suna faɗa suna shiryawa, wannan ta riƙe wannan.

Ta ce, "Inna, ku ma haka kuka yi a can?"

Na ce, "A littafin naki, akwai wadda ta kulle 'yar'uwarta a ɗaki ta tafi da makullin?"

Ta ɗago ta kalle ni. Na ce ta ajiye littafin ta ɗauko biro.

Mu uku ne a ɗakin. Ni Uwani, sai Kande 'yar Kudan, sai Asabe ta Gubuchi. A gida ba mu san juna ba, duk da kasuwar Makarfi ɗaya muke ci. Kowaccenmu Umara ta kai ta, ta ƙi dawowa, don ba abin da za ta dawo ta tarar. A layin ɗiban ruwa na fara jin Kande tana wanke wata mata tas da zagi, na ce a raina wannan bakin na Zazzau ne. Asabe kuma Kande ce ta tsinto ta a bakin masallaci, tana zaune da ƙullin kayanta ba ta san gabas ba.

Kande siririya ce kamar sillen kara, bakinta kuwa reza. Ni take kira Sarauniya, wai ko shara zan zubar sai na gyara ɗaurin kallabi. Asabe kuma Mazarƙwaila, don baƙa ce, ga sanyin hali, ga shi daga ƙasar rake ta fito. Ni wanki da guga nake yi a gidan wasu Larabawa, a nan na koyi Larabcin da ya ishe ni rayuwa. Kande ƙosai da kunu take sayar wa mutanenmu, Larabcinta bai wuce ƙirga da ashar ba. Asabe gwangwani take tsinta. Tukunyarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni Asabe ce ta yi ta shafa mini ruwa a tafin ƙafa, Kande tana gefe tana cewa, "Kada ki mutu, Sarauniya, ba mu da kafaɗar ɗaukar wannan girman kan."

Ba mai takardar zama a cikinmu. Mun taɓa ganin wata da aka kama ta jawo askarawa har ɗakinsu don ta ɗauki akwatinta, aka kwashe abokan zamanta duka. Ran nan na zaunar da su na ce mu yi alkawari. Duk wadda aka kama a cikinmu, ita kaɗai ce a duniya, ba ta da ɗaki, ba ta da kowa. Muka haɗa hannu muka rantse. Ni na kawo wannan magana, ba wani ba.

Wajen watan Rajab aka fara kame irin wanda ba mu taɓa gani ba. Da can a titi ake tsintar mutum, yanzu gida gida ake bi. Gidan da muke haya ɗaki bakwai ne, duk baƙi. Kafin watan ya ƙare, wasu an kama, wasu sun gudu, sai mu kaɗai muka rage. Mai gidan wani tsohon Balarabe ne da ke wata unguwa, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba.

Ɗakin bulo ne, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, sai 'yar taga mai sanduna a gefen ƙofar. Dabarar da kowa ke yi a lokacin ita ce a sa kwaɗo ta waje, don in askarawa sun ga ƙofa a kulle su ɗauka ba kowa. Mu da ba mai kulle mu, Kande ce ke zura siririn hannunta ta tagar ta danna kwaɗon, in za a fita ta buɗe. Makullin kuwa a wuyana yake, a jikin zare, don na ce Kande za ta yar.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum ya bar shi a bushe. Nasu jiƙa ki yake yi, kamar an kifa ki a madambaci. Zani ya manne a jiki, gishiri ya fito fari a bayan riga, ƙuraje su feso a wuya. Kwanon rufin nan in rana ta take sai ki ji yana ƙara shi kaɗai.

Ga yadda yini yake. Ana sallame asuba Kande za ta fita da jarka a guje ta ɗebo ruwa kafin motoci su fara yawo, in ta yi sa'a ta biya bayan gidan gurasa ta tsinto ta jiya da aka zubar. Ta dawo ta kulle mu. Daga nan ba magana sai da raɗa. Ba girki da rana, don ƙamshin daddawa ya isa ya tona mu. Ba wanki, kada ruwa ya gangara ta ƙarƙashin ƙofa. Mu zauna mu tsefe wa juna kai mu sake kitsawa, mu sake tsefewa. In muka ji takun takalmi, kowa ta riƙe numfashi. Na kafa doka: ko wa ya buga, ko da Hausa ya yi sallama, ba a amsawa. Sau biyu askarawa suna zuwa, suka jijjiga kwaɗon suka wuce. Na ce, "Kun gani?" Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Abinci ya koma busasshiyar gurasa a jiƙa da ruwa, sai dabino, sai 'yar shinkafar da muke tsakura bayan magariba. Da aka ga watan azumi Kande ta ce, "Alhamdu lillahi. Mu da muka ɗauki azumi tun Rajab, yau za a fara rubuta mana lada." A masallatai ana ta shimfiɗa abincin buɗa baki, shinkafa da nama har a zubar, muna jin labari, ba halin zuwa. Da ruwa da dabino uku uku muke shan ruwa.

Asabe tun Sha'aban ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, in kin danna yatsa sai ramin ya zauna. Ga tari. In ya taso mata sai ta cusa fuska a matashi don kada a ji, har idonta ya yi ja. Asibiti kuwa takarda za su fara tambaya. Ita da kanta ta ce ko da wasa kada mu kai ta.

"Yaya Uwani, in mutuwa ce gara ta same ni a nan. Me zan koma in ce wa Rabi? Na bar ta da tsohuwa na ce zan dawo mata da kayan ɗaki, in koma mata da kumburi?"

Rabi 'yarta ce, ita ke nan gare ta.

Ba ta iya haɗiye gurasar. Abu ɗaya take ambato, faten tsaki da yakuwa, mai tsami, irin wanda ake sha ana gumi. Tana da wani ƙullin tsumma da ta zo da shi tun daga Gubuchi, irin yakuwa ne na bayan ɗakin uwarta. Mun taɓa gwada shi a gwangwanin madara da ruwan tanki, ya fito rawaya, kwana biyar ya kwanta. Asabe ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Ruwan sama ya sani."

Azumi ya raba tsakiya, ran nan bayan azahar, sai ɗakin ya yi duhu. Iska ta taso daga wajen teku ta shigo ta taga, mai sanyi. Muka kalli juna. Sai ɗas a kan kwano. Ɗas, ɗas. Kafin mu ce wani abu ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Wanda bai yi shekaru yana marmarin ruwa ba, ba zai gane ba. A garin nan sai a shekara ba a yi ba, in an yi ma ina cikin gidan aiki ina guga. Ƙamshin ƙasa ya shigo, wallahi irin na gida sak. Asabe da ta yi kwana ashirin sai an tayar da ita, ta dafa bango ta zauna da kanta.

Ta ce, "Ruwan shuka ne."

Kande ta ce, "Mazarƙwaila, nan Jidda ne, ba fadamar ubanki ba."

"Ƙasa ta jiƙa. Ku ji fa. In aka bari ta sha iska shi ke nan." Ta kwance ƙullin daga bakin zaninta. "Kangon nan na bayan gida. Yakuwa ba ta da wuya, kwana kaɗan a fara tsinka."

Da akwai mai hankali a ɗakin da ta ce ruwa na biyu ba zai zo ba sai baɗi. Amma mu 'ya'yan manoma ne. Tun muna goye aka saba mana cewa ba a zama a ɗaki ranar ruwan farko. Ƙafata har ƙaiƙayi take. Na ce ai ko askarawa ba za su fito cikin wannan ruwa ba, don a wurinmu wa ke fita aiki ana ruwa in ba manomi ba?

Na jawo jarka kusa da ita, ruwan ya kai rabi. Na ajiye mata dabino a kwano da gurasa biyu. Na ce, "Yanzu za mu dawo. Ko wa ya buga kada ki amsa, sai kin ji muryata."

Ta ce, "To, Yaya. Ku yi layin ya miƙe."

Na danna kwaɗon da hannuna.

Kangon wani gida ne da aka rushe aka share. Na samu guntun rodi ya zama sungumina. Ina gaba ina sara, Kande tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, yadda ake yi. Ruwa na dukan bayanmu, laka na shiga tsakanin yatsu. Kande ta kama waƙar shuka ƙasa ƙasa, ni da ba na waƙa na tsinci kaina ina amsawa. Ban taɓa jin daɗi a Jidda kamar na wannan ɗan lokaci ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Da muka yi layi biyu Kande ta ce, "Ya isa, mu koma."

Na ce, "A gidanmu ba a mayar da iri ɗaki. Saura kaɗan."

Muna layi na huɗu motar askarawa ta tsaya. Ba su ko yi gudu ba. Duk garin kowa ya shige, sai baƙaƙen mata biyu a fili sun duƙa suna noma. Ko makaho ya gan mu. Ɗayansu har dariya yake, yana tambayar me muke binnewa.

A cikin motar Kande ta matso ta ce a kunnena, "Makullin."

Na ce, "Yi shiru."

Aka kai mu inda ake tara waɗanda za a mayar gida, wani ƙaton ɗaki cike da mata, kowace ƙasa akwai. Nan muka sha ruwa da shinkafa mai zafi, rabonmu da irinta wata uku. Na kai loma baki na tuna gurasa biyu.

Kande ta ce, "Ki gaya musu. Ke ke jin yarensu."

"Mun yi rantsuwa."

"Rantsuwar ta masu ƙafa ce! Asabe ko tagar ba za ta kai ba."

"Ita ta ce kada a mayar da ita gida. Kuma gobe uwar ɗakina za ta aiko a fitar da ni. Shekara uku ina mata guga, ba mai taɓa mata kaya sai ni."

Kande ta dube ni ta ce, "Sarauniya, ba mai zuwa."

Na yarda da abin da na faɗa, Allah ya sani. Na ɗauka ni wata ce a gidan nan. Na kuma lissafa cewa ruwan zai kai ta kwana huɗu in ta tsakura. Kuma ba na so a ce Uwani ce ta kai askarawa ɗakin 'yar'uwarta. Wannan na ƙarshen shi ya fi nauyi, yanzu na sani.

Kashegari ba wanda ya zo. Kande ta tashi ta je wurin matar da ke tsaron ƙofa, tana nuna wuyana, tana kwatanta ƙofa da hannu, tana kwanciya a ƙasa tana tari, tana kuka tana haɗa Hausa da ashar. Matar ta juyo ta tambaye ni da Larabci, me take cewa?

Na ce ciwon kai ke damunta.

Aka ba Kande ƙwaya biyu. Ta karɓa, ta zo ta zauna nesa da ni, ta juya mini baya.

Rana ta huɗu da la'asar, ƙishin azumi ya kama ni har harshena ya manne. Ina kallon famfo a bango ina jiran magariba, sai na ga jarkar nan a idona, a kwance, ba komai ciki. Na tashi na je wurin matar da ke tsaron ƙofa na faɗi komai. Matar ta ɗauko takarda ta ce sunan titi. Titinmu ba shi da suna. Lambar gida. Babu. Na ce bayan gidan gurasa, ƙofa kore, kusa da kango. Ta ce gidan gurasa nawa ne a Jidda? Na ce a sa ni a mota in nuna. Na cire makullin na miƙa mata, ta ce in riƙe, gobe za a duba.

Kashegari da hantsi aka kira sunayenmu aka sa mu a jirgi.

Muka sauka Kano da silifa, lakar kangon nan tana nan a bakin zanina ta bushe. Tun daga can Kande ba ta ce mini uffan ba. Sai a tasha, da za ta hau motar Kudan, ta tsaya ta ce, "Uwani." Ran nan ta fara kiran sunana. "Ki riƙe makullinki da kyau, kada ki yar."

Na bi duk wanda na ji zai tafi Umara da saƙo. Na yi kaset biyu. Yau yarinya tana Jidda za ta kira uwarta a Ikara har ta nuna mata abin da ta dafa. Lokacin saƙo sai ya yi wata yana tafiya, in ya isa.

Bayan babbar salla aka dawo da wata mata da muka sani a unguwar, na je na same ta. Ta ce sai bayan ƙaramar salla mai gidan ya zo ya fasa kwaɗon. A bakin ƙofa aka sami Asabe, ta jawo jiki har nan, da matashin a hannunta. Ta ce abin da ya ba kowa mamaki, ita da kanta ta shiga gidan kwana biyu bayan ruwan, tana neman wurin ɓuya. Ta buga ƙofarmu, ta yi sallama har sau uku, ta kira sunayenmu. Shiru. Ta ga kwaɗo ta tafi.

Asabe ba ta taɓa saɓa maganata ba.

Matar ta ce wai har wani abu ya tsiro a kangon, layi layi, kore shar, mutane suna tsayawa kallo. Bai kai tsawon yatsa ba rana ta cinye shi.

Na shirya na tafi Gubuchi gaisuwa. Duk hanya ina haɗa yadda zan faɗa. Na tarar da tsohuwar a kan tabarma, Rabi tana gefenta, kamar an tsaga kara da uwarta. Na ce Asabe ta rasu, cikin azumi, a ƙasa mai tsarki. Tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Kai, ta dace. 'Yata ta dace." Rabi ta rarrafo ta riƙe ƙafata tana kuka.

Ta ce, "Inna, kina kusa da ita? Ke kika rufe mata ido?"

Na ce, "Ni ce."

Tun daga shekarar, duk damina in yakuwar bayan ɗakinsu ta isa tsinka, ta farko Rabi ba ta kai ta tukunya. Sai ta ciko kwando ta hau mota ta kawo mini har Kurmin Kogi, ta durƙusa ta ce ga na Inna. A yi fate a gidan nan kowa ya sha. Ni na ce musu tsami ba ya zama mini a ciki.

Tsohuwar Gubuchi ta daɗe da rasuwa, tana sa mini albarka har ranar ƙarshe. Matar da ta kawo labari ita ma ta tafi. Kande tana nan Kudan wurin ɗanta, idonta ya rufe. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba don ni ba. Bara na je duba ta, ina yin sallama ta gane ni. Muka gaisa kamar baƙi, lafiya, lafiya, ya jiki, da sauƙi. Da zan tashi ta ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Ta juya fuska bango.

Sai Rabi, yanzu har ta yi jikoki. Sai ni.

Hadiza ta tambaye ni ko ta sauya sunaye. Na ce ta bar kowa da sunansa. An yi ruwan shuka shekaranjiya, nan da kwana arba'in Rabi za ta yi sallama a ƙofar nan. Na ciro makullin daga ƙasan akwati na rataye a ƙusa. Na gaya wa Hadiza, in ta zo, ta karanta mata wannan kafin ta sauke kwandon.